Darasi na 9: Alawar Riɗi da Mazarƙwaila Irin ta Indiya, a Garin da Iska ke da Laima

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. gyara riɗi da soya shi ba tare da ya yi ɗaci ba;
2. gane matakin dahuwar mazarƙwaila da kofin ruwan sanyi kawai;
3. yin curin riɗi mai taushi da kantu mai ƙaras-ƙaras;
4. adana su a iska irin ta Libreville, da lissafa ko sana'ar za ta fitar da riba.

1. Abin da muka sani da abin da za mu ƙaro

Duk wanda ya tashi a Kano, Katsina ko Maraɗi ya san kantu. Ana tallarsa a tasha, ana sa shi cikin tsaraba. Hausawan Gabon ma sun san shi, ko waɗanda kakanninsu suka daɗe da zama a Bitam, Oyem da Minvoul, ko waɗanda suka zo Libreville daga Nijar da Najeriya neman halali. Yawancin kantun da muke yi a yau da farin sukari ne. A Indiya kuwa an fi yin sa da mazarƙwaila, wadda suke kira gur, riɗi kuma suna ce masa til.

Indiya ce ta fi kowace ƙasa yin mazarƙwaila. Garin Kolhapur a jihar Maharashtra ya yi suna da ita, kuma a Muzaffarnagar ta jihar Uttar Pradesh akwai ɗaya daga cikin manyan kasuwanninta. Alawar riɗi a wurinsu abincin sanyi ce. Tana cika kasuwa a tsakiyar watan Janairu, lokacin bikinsu na Makar Sankranti, wanda ke faɗowa ranar 14 ko 15 ga wata. A Maharashtra mutane kan ba juna curin riɗi a ranar, suna fatan magana mai daɗi ta wanzu tsakaninsu. Bikin nasu ne. Abin da mu za mu ɗauka shi ne iya aikin, don sun ƙware ƙwarai wajen sarrafa mazarƙwaila a kan wuta.

Suna da iri da yawa. Laddu curi ne da ake mulmulawa da hannu. Chikki shi ne ɗan'uwan kantunmu, kuma garin Lonavala, tsakanin Mumbai da Pune, ya shahara da shi. Akwai gajak na garin Morena da tilkut na garin Gaya, waɗanda ake ja ko a daka har su yi sauƙin rugujewa a baki, amma su aikin ƙwararru ne masu mataimaka. Mu biyun farko za mu koya.

> Akwatin kalmomi
> Mazarƙwaila: ruwan rake da aka dafa har ya yi kauri ya daskare, ba a tace shi ya zama fari ba.
> Curin riɗi: soyayyen riɗi da aka haɗa da mazarƙwaila mai matsakaiciyar dahuwa, aka mulmula.
> Kantu: soyayyen riɗi da aka haɗa da mazarƙwaila ko sukari mai cikakkiyar dahuwa, aka murza ya yi faɗi, aka yanka.

2. Kayan aiki

Riɗi ba shukar gandun dajin Gabon ba ce, ya fi son ƙasa mai rani. A Najeriya ana noma shi sosai a Jigawa, Nasarawa da Binuwai, ana tara shi a kasuwanni irin su Maigatari da Dawanau, daga nan a fitar da shi zuwa Japan, Turkiyya, Sin, har da Indiya ɗin kanta. Wanda ke zuwa hannunmu a Libreville ya sha tafiya, wani lokacin kuma ya daɗe a buhu. Wannan yana da muhimmanci, domin kusan rabin nauyin ƙwayar riɗi mai ne, mai kuwa yana lalacewa idan ya daɗe a zafi da danshi. Saboda haka idan kun je kasuwar Mont-Bouët ko ta Nkembo wurin masu kayan hatsi, kada ku saya da ido kaɗai. Ku sansana, ku tauna kaɗan. Riɗin da ke warin tsohon mai ko yake maƙaƙi a maƙogwaro, ba suyar da za ta gyara shi.

Mazarƙwaila ta fi wuyar samu. A gida, yankin Makarfi da Kudan a ƙasar Zazzau ne aka sani da rake da dafa ta, kuma duk mai zuwa daga can yana iya riƙo muku ita cikin saƙo. Ana kuma iya tambayar gur a shagunan da ke sayar da kayan abincin Indiya. Kada hasken launi ya ruɗe ku. Masu yin ta ta hanyar gargajiya a Indiya da yauƙin kuɓewa suke tsamo dattin ruwan rake, sai ta fito da duhu-duhu. Wadda ta yi rawaya fau sau da yawa magani aka sa mata don ta yi kyan gani. Mai duhun, in dai ba ta tsami ba ta fumfuna, ita ce zaɓina.

Idan ba a samu ba, jan sukari zai yi aikin. Gabon tana da gonar rake da masana'antar sukari a kusa da Franceville, kuma jan sukari ba ya wuya a kanti. Ƙamshinsa bai kai na mazarƙwaila ba, amma ya fi fari nesa.

Sauran kaya: soyayyen man shanu cokali ɗaya ko biyu, garin citta ko kanumfari kaɗan ga mai so, tukunya mai kaurin gindi, muciya, tire, kwalba mai santsi ta murzawa, wuƙa, da kofin ruwan sanyi. Wanda zai yi don sayarwa ya nemi ƙaramin sikeli. Awo da gwangwani yana ruɗi, don gwangwanin riɗi da gwangwanin mazarƙwaila ba nauyinsu ɗaya ba.

3. Gyaran riɗi da suyarsa

A bakace riɗi, a wanke, a rege shi sosai don tsakuwa da yashi su zauna a ƙasa. Tsakuwa ɗaya a bakin mai saye ta isa ta kore shi har abada. Idan riɗin mai ɓawo ne, a ɗan surfa shi a turmi yana da danshi, a sake wankewa, domin yawancin ɗacin a ɓawon yake. Fari tas wanda aka riga aka cire wa ɓawo a masana'anta ba ya buƙatar surfe.

A Kano za a ce a shanya shi a rana. A Libreville ba a dogara da rana. Ko a ranin nan na Yuni zuwa Satumba sama takan wuni a lulluɓe, kuma riɗin da ya kwana a jiƙe zai yi tsami. Don haka a tsane shi a rariya, a matse a cikin tsumma mai tsabta, a zuba a busasshiyar tukunya a kan wuta kaɗan, ana juyawa har tururi ya daina tashi. Daga nan ne suya ta fara.

Ba a sa mai. A ci gaba da juyawa ba tsayawa. Riɗi zai fara tsalle yana ƙara, ƙamshi ya cika ɗaki, launinsa ya koma ruwan zuma mai haske. A murza ƙwaya biyu tsakanin yatsu: idan sun fashe nan take, ya yi. A juye shi a tire a baza, kada a bar shi cikin tukunya, don zafin ƙarfen zai ci gaba da soya shi. Tsakanin riɗin da ya soyu da wanda ya ƙone bai fi minti ɗaya ba, kuma wanda ya ƙone ɗacinsa yana rinjayar kowane zaƙi.

4. Dahuwar mazarƙwaila

Nan ne ainihin darasin, kuma ina roƙon ku karanta wannan sashe sau biyu.

Idan aka narka mazarƙwaila da ɗan ruwa aka ɗora a wuta, ruwan yana ta fita ta tururi. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 a ma'aunin Salsiyos, ba ya wuce nan. Amma ruwan da ke da sukari, duk yadda ruwan ya ragu, haka zafin tafasarsa ke ƙaruwa. Wato zafin da ya kai yana gaya mana yawan ruwan da ya rage a ciki, yawan ruwan nan kuma shi ke sa alawa ta yi taushi ko ta yi tauri bayan ta huce. Kaya ɗaya, tukunya ɗaya, amma wanda ya sauke da wuri zai sami curi, wanda ya ƙara 'yan mintoci zai sami kantu.

Ba sai kuna da na'urar auna zafi ba. Ku ɗiga kaɗan a kofin ruwan sanyi, ku jira ɗan lokaci, ku tsamo da yatsu.

Idan ya baje ya narke a ruwan, da saura. Idan ya tattaru ya yi ɗan ƙwallo mai laushi da ke lotsewa in an matsa, ya kai digiri 112 zuwa 116. Wannan shi ne matakin curi a garuruwa masu busasshiyar iska. Idan ƙwallon ya yi tauri amma yana lanƙwasuwa, ya kai wajen 121 zuwa 130. Idan kuwa ya daskare nan take, aka karya shi ya yi ƙas, aka jefa a faranti ya yi ƙara, ya kai wajen 146 zuwa 154, matakin kantu ke nan. Bayan wannan sai ƙauri da baƙin hayaƙi. Mazarƙwaila ta fi farin sukari saurin ƙonewa, kuma da yake tana da duhu tun asali, ido ba ya ganin lokacin da ta fara. Shi ya sa ake rage wuta idan an kusa, a riƙa gwaji a kai a kai. Duk lokacin da za a yi gwaji, a janye tukunyar daga wuta tukuna.

> Akwatin kalmomi
> Gwajin ruwan sanyi: ɗiga dafaffen sukari a ruwa don a ga yadda zai kasance idan ya huce.
> Matakin ƙwallo: lokacin da ɗigon ke tattaruwa ya mulmulu. Akwai mai laushi, akwai mai tauri.
> Matakin karyewa: lokacin da ɗigon ke daskarewa ya karye da ƙara.

Mai aiki da farin sukari ko ja ya ƙara ƙaramin cokali ɗaya na ruwan lemon tsami ga kowane rabin kilo. Tsamin yana hana sukarin komawa tsaki-tsaki a tukunya. Mazarƙwaila ba ta buƙatar wannan, tana da irin sukarin da ke yin aikin a jikinta. Kada a wuce cokali ɗayan nan, dalilin yana zuwa a sashe na 6.

Gargaɗi. Dafaffen sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma yana manne wa fata. Kada a yi aikin nan da yaro yana rarrafe kusa da murhu, kada a ɗanɗana daga muciya. Idan ya zuba wa mutum, a sa wurin a ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi na minti 20. Kada a shafa manja, ƙwai ko man goge baki. Ƙuna mai faɗi, ko a fuska, ko a jikin yaro, asibiti za a kai.

5. Haɗawa

*Misali na ɗaya: curi.* Riɗi giram 500, mazarƙwaila giram 400, ruwa babban cokali 4, man shanu cokali 1.

A farfasa mazarƙwaila, a narka ta da ruwan a wuta kaɗan, a tace da rariya mai laushi, don ba a rasa ɓawon rake ko yashi a ciki. A mayar tukunya, a sa man shanu, a dafa. A Libreville kada a sauke da zarar ƙwallo mai laushi ya fito, a ɗan ƙara har ya fara tauri, wajen digiri 118 zuwa 120. A kashe wuta, a zuba riɗi da citta, a juya da sauri har kowace ƙwaya ta shafu. A bari ya ɗan sha iska yadda hannu zai iya ɗauka, a shafa mai a tafi, a riƙa gutsura ana mulmulawa. Aikin mutum biyu ne in da hali. Idan ya sandare kafin a gama, a ɗan mayar da tukunyar kan wuta ya saki.

Wasu Indiyawa kan daka kashi ɗaya cikin huɗu na riɗin kafin su zuba. Man da ya fito yana sa curin ya kama jikinsa, ya kuma yi sauƙin tauna ga tsofaffi. Ana iya maye wani kashi na riɗin da soyayyiyar gyaɗa da aka ɓarza, wanda zai rage tsada.

*Misali na biyu: kantu.* Riɗi giram 500, mazarƙwaila giram 450 zuwa 500. A shafa mai a tire, da kwalba, da wuƙa tun kafin a kunna wuta, domin bayan an haɗa babu lokacin neman komai. A dafa har matakin karyewa, a zuba riɗin yana da ɗumi, a juya, a juye a tire, a murza ya kai kaurin rabin santimita. A ja layin yanka yana da zafi. Idan ya huce, sai a kakkarya a kan layin. Riɗi mai sanyi yana daskarar da mazarƙwaila tun ba a gama juyawa ba, shi ya sa ake ɗumama shi.

6. Laima

Wata amarya da aka kawo daga Zinder ta yi kantu yadda ta saba, ta bar shi a tire ya kwana. Da safe ta tarar yana danƙo, yana naso. Sai ta tambayi gwaggonta:

"Gwaggo, ko mazarƙwailar ce ba ta da kyau? A gida sai ya yi mako biyu yana ƙaras-ƙaras."

"A'a, 'yar nan, dahuwarki ta yi. Iskar garin ce. Nan ba a barin kantu ya kwana a buɗe."

Gwaggo ta yi gaskiya. Libreville tana bakin teku, dab da layin da ya raba duniya biyu. Ruwan saman da take samu a shekara ya haura milimita 2,800, kusan ninki uku na abin da Kano ke samu, kuma laimar iskarta takan tsaya sama da kashi 80 cikin 100 a yawancin shekara. A Kano da hunturu laima kan faɗi ƙasa da kashi 20. Indiyawa ma da sanyinsu na rani suke yin alawar nan, ba da damina ba.

Sukarin da aka dafa aka kore masa ruwa yana jawo ruwan iska ya mayar jikinsa, kamar yadda gishiri ke jiƙewa da damina. Mazarƙwaila ta fi farin sukari wannan hali, kuma zuma da lemon tsami suna ƙara shi. Shi ya sa muka ce kada a yawaita lemon. Wahalar da aka sha a bakin wuta ta korar ruwa ce, iska kuma tana iya mayar da shi a dare ɗaya.

> Akwatin kalmomi
> Laima: ruwan da ke cikin iska wanda ido ba ya gani.
> Naso: jiƙewar da alawa ke yi a bayanta idan ta sha laima.

Maganin ba shi da tsada. Da zarar kantu ya huce gaba ɗaya, a ƙulla shi, kada ya wuce rabin awa a buɗe. Kada kuma a ƙulla shi da ɗumi, don zai yi gumi a leda. A sa ƙulle-ƙullen a kwalba ko roba mai murfi da ke rufuwa gam. Mai talla ya fi kyau ya ƙulla ɗaya-ɗaya ko bibbiyu, domin kowace buɗewa laima ce ke shiga. Firji ba ya taimakon kantu, da an fito da shi raɓa za ta kwanta masa. In dole ne, a bar mazubin a rufe har ya bar sanyi kafin a buɗe. A watannin Oktoba da Nuwamba, da Maris da Afrilu, lokacin da ruwa ya fi yawa, a yi kaɗan-kaɗan, abin da zai ƙare cikin kwana uku ko huɗu. Ita ma ɗanyar mazarƙwaila a rufe za a ajiye ta, in ba haka ba za ta narke ta yi fumfuna.

7. Lissafin riba

Farashin da ke ƙasa na koyon lissafi ne. Kowa ya sa na kasuwarsa.

*Misali na uku.* Riɗi rabin kilo sefa 1,500. Mazarƙwaila 800. Man shanu da gas 300. Leda 200. Kuɗin mota zuwa kasuwa 400. Uwar kuɗi ta kama 3,200.

Kayan sun kai giram 900, amma bayan suya da dahuwa da abin da ya manne a tukunya, a ƙaddara 850. Idan kowane curi giram 20 ne, za a sami 42. A cire biyu na ɗanɗano, saura 40. A sefa 100 kowane, an sami 4,000, riba 800.

Yanzu a ce guda 10 sun yi naso ba su sayu ba. An sami 3,000, an faɗi da 200, ban da wahala. Kenan ledar sefa 200 ita ce ke riƙe da ribar baki ɗaya. Kuɗin mota kuma ba ya ƙaruwa ko an sayo kilo biyu, saboda haka sayen riɗi da ɗan yawa yana rage tsadar kowane curi, muddin akwai wurin ajiya mai kyau.

8. Lafiya

Mazarƙwaila tana da ɗan sinadarin ƙarin jini da farin sukari ba shi da shi, amma mafi yawanta sukari ne. Maganar da ake yi cewa mai ciwon sukari zai iya shan ta yadda ya so ba gaskiya ba ce, kuma tana cutar da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato wajen giram 50 ga babba. Curinmu na giram 20 yana da sukari wajen giram 8.

Akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya karɓar riɗi ko gyaɗa, har ya kai ga kumburi da sarƙewar numfashi. A Amurka tun ranar 1 ga Janairun 2023 doka ta wajabta a rubuta riɗi a jikin kayan abincin da ke ɗauke da shi. Idan kun haɗa da gyaɗa, ku gaya wa mai saye.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa ake tauna riɗi kafin a saya? Wace alama ce ke nuna ya lalace?
2. Me ya sa a Libreville ake busar da wankakken riɗi a tukunya maimakon shanya?
3. Bayyana abin da za ka gani a kofin ruwan sanyi a matakin curi, da kuma a matakin kantu.
4. Me ya sa ake janye tukunya daga wuta lokacin gwaji?
5. Maƙwabciyarki ta sa lemon tsami cokali huɗu a rabin kilon sukari. Me zai sami kantunta washegari, kuma don me?
6. Faɗi abin da za a yi da abin da ba za a yi ba idan dafaffen sukari ya zuba wa mutum.
7. Kina da riɗi giram 750. Mazarƙwaila giram nawa kike buƙata don curi, bisa awon misali na ɗaya?
8. Uwar kuɗinka sefa 6,000 ce, ka sami curi 80, guda 12 sun yi naso. Idan kowane sefa 100 ne, nawa ka ci ko ka faɗi?
9. Aikin gida: ku yi kantu kaɗan, ku raba biyu. Ku ƙulla rabi a leda cikin kwalba, ku bar rabi a buɗe a faranti. Ku zo da duka biyun aji bayan kwana biyu, ku faɗi abin da kuka gani.